Kalmar “Hand” A Turanci: Yadda Hannu Ya Zama Ma'aikaci, Iko, Ma'auni Da Tafi

Da wuya a tashi daga wani babban taron gwamnati a Najeriya, na tsaro ne ko na ilimi ko na yaƙi da wata annoba, ba tare da wani mai jawabi ya ce “all hands must be on deck” ba. Kunnuwa sun saba da maganar har ta daina jan hankalin kowa, masu fassara labarai kuma kan ce an yi kira da a haɗa ƙarfi da ƙarfe, wadda kuwa fassara ce mai kyau. Amma da za a tsayar da ɗalibin da ya gama sakandare a tambaye shi waɗanne hannaye ake nufi, da kuma abin da ya kai su kan doron jirgin ruwa alhali ana batun matsalar da ke tudu ne, amsarsa ba za ta wuce cewa haka Turawa suke faɗa ba. Abin tambaya a nan shi ne yadda aka yi kalma guda, “hand”, wadda asalinta sunan gaɓa ce, ta koma tana nufin ma'aikaci, da iko, da rubutu, da ma'aunin tsayin doki, da tafi, da rabon karta, har da amincewar aure. Shin ma'anonin nan haka kawai suka taru, ko kuwa akwai hanyar da suka biyo? Kuma me ya sa mai jin Hausa, wanda harshensa ma cike yake da maganganun hannu, ya fi yin tuntuɓe a daidai wuraren da yake ganin ya gane?

Hanyoyi biyu da ma'ana ke bi ta yaɗu

Kowace kalma tana da ma'anar da aka fara saninta da ita, sannan tana iya samun ma'anonin aro, wato waɗanda masu harshen suka ɗora mata daga baya saboda wata dangantaka da suka hango. Hanya ta farko ita ce kamanni, abin da malaman adabin Hausa ke kira siffantawa. Bature ya dubi sandunan da ke zagaya fuskar agogo suna nuna lokaci kamar yadda hannu ke nuni, sai ya kira su “hands”, ya kuma dubi jerin ayaba da ke manne wuri ɗaya kamar yatsu, ya ce “a hand of bananas”. Ta wannan hanyar ce Bahaushe ya sami hannun giwa da hannun riga.

Hanya ta biyu ba ruwanta da kamanni, alaƙa kawai take dubawa. Ma'aikaci bai yi kama da hannu ba, amma da hannu yake aiki, saboda haka ana iya ambaton sashen a nufi mutumin gaba ɗaya. Rubutu ma bai yi kama da hannu ba, amma hannu ne ke yin sa, shi ya sa Turanci ke cewa wasiƙa tana “in his own hand” idan mai ita ne ya rubuta da kansa, daga nan kuma aka sami “shorthand”, gajeren rubutun nan da sakatarori kan koya a da. Wanda ya yi karatun balaga a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin wannan shi ne majazul mursal, kuma misalin da malamai suka fi bayarwa a kansa shi ne na hannu ɗin, inda Balarabe kan ce wane yana da hannu a kaina, yana nufin ya yi masa alheri. A shekarar 1980 wasu masana biyu 'yan Amurka, George Lakoff da Mark Johnson, suka fito da hujjar cewa irin wannan aro ba adon mawaƙa ba ne kawai, da shi ɗan Adam ke tunani a kullum, kuma jikinsa ne wurin da ya fi zuwa aro idan zai yi magana a kan abin da ido ba ya gani, kamar iko da alhaki da mallaka. Mafi yawan ma'anonin “hand” ta hanya ta biyu suka zo, wannan ne ma ya sa mai neman kamanni a cikinsu kan sha wahala a banza.

Kalmar kanta tsohuwa ce ƙwarai, tana nan a Turanci tun fiye da shekara dubu, kuma kusan haka take a Jamusanci da harshen mutanen Holan. Tun a wancan lokacin ta riga ta ɗauki ma'anar iko da mallaka, ma'anar da har yau ake ji a “change hands” idan kadara ta koma wurin wani, da “hand over”, wanda 'yan Najeriya suka sani da miƙa mulkin ranar 29 ga Mayu. Sauran ma'anonin kuwa daga baya suka shigo, kuma kusan kowace tana da wurin sana'ar da ta haife ta.

Jirgin ruwa da masaƙa: inda mutum ya koma hannu

Birtaniya tsibiri ce, kuma ƙarfinta na ciniki da na yaƙi a teku ya ginu. Jiragen zamanin da, kafin a sami inji, da iska suke tafiya, suna kuma buƙatar mutane da yawa masu jan igiyoyi, masu hawa sama su naɗe filafilai ko su ware su. A idon mai jirgi, amfanin kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana hannunsa ne, don haka tun a ƙarni na 17 aka riƙa kiran matuƙan da “hands”. Akan raba su kashi-kashi, wasu na aiki wasu na barci a ƙasan jirgi, amma idan guguwa ta taso ko aka hango abokan gaba, sai a yi shelar “all hands on deck”, wato kowa da kowa ya fito saman jirgi, har da wanda ya kwanta yanzu-yanzu. Umarni ne na lokacin tashin hankali, ba gayyatar shawara ba. Akwai wata magana mai ban tausayi daga wannan duniyar, “lost with all hands”, wadda ake faɗa idan jirgi ya nutse ba wanda ya tsira, kuma ita kaɗai ta isa ta nuna cewa ba gaɓoɓi ake ƙirgawa ba, rayuka ne.

Da masana'antu suka bunƙasa a ƙarni na 18 da na 19, musamman masaƙun auduga na Manchester da kewayenta, sai kalmar ta ƙara yaɗuwa a tudu. Aka sami “mill hands” da “factory hands” a masana'antu, da “farmhand” a gona, wurin aikin da ba shi da isassun ma'aikata kuma ya zama “short-handed”, wanda ya daɗe a kan aiki har ya ƙware ya zama “old hand”. Marubucin nan Charles Dickens ya lura da abin da ke ƙarƙashin wannan suna, domin a littafinsa “Hard Times” na 1854 ya nuna yadda masu masana'antu ke kiran ma'aikata “the Hands”, kamar dai sun fi son a ce hannayen kaɗai aka halitta ba tare da sauran mutum ba. Sukarsa tana kan hanya. Harshen da ke ƙirga shugabanni da kai, kamar a “head of state”, ya kuma ƙirga ma'aikata da hannu, ya riga ya raba wa kowa aikinsa: wani ya yi tunani, wani ya ɗauki kaya. Saboda haka shugaban da ya tsaya gaban jama'a ya kira dukkan hannaye su fito saman jirgi, ko ya sani ko bai sani ba, ya ajiye kansa a matsayin mai jirgi ne, su kuma masu jan igiya. Maganar Hausa ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba ta da wannan bambancin matsayi a cikinta, domin duk wanda ya kama jinka ɗaukarta yake yi.

Teburin karta da filin sukuwa

Wani babban rukunin maganganun “hand” da jaridun siyasa ke yawan amfani da su daga wasan karta ya fito, kuma a nan ne mai karatu ya fi ɓacewa, saboda “hand” a karta ba hannun ɗan wasa ba ne, katunan da aka raba masa ne yake riƙe da su a ɓoye. Idan aka gane wannan kaɗai, maganganu da dama sun warware. Ɗan siyasar da aka ce “he showed his hand” ya bayyana shirinsa ne tun lokaci bai yi ba, kamar ɗan kartar da ya bari aka leƙa katunansa. Wanda aka ce “he overplayed his hand” ya ɗauka ƙarfinsa ya kai inda bai kai ba, ya zaƙe har ya yi asara. Idan kuwa aka ce 'yan majalisa sun yi “force the president's hand”, ba murɗe masa hannu suka yi ba, sun tilasta masa ne ya ɗauki mataki kafin lokacin da ya so. Haka nan idan wani hukuncin kotu ya yi “strengthen his hand”, ya ƙara masa abin da zai yi ciniki da shi ne a wurin sasantawa.

Filin sukuwa ma ya ba da nasa. Mahayin da ya yi wa sauran nisa, har ya tabbata ba mai cim masa, yakan sauke hannayensa ya sassauta linzami tun kafin ya kai ƙarshen fili, daga nan aka sami “win hands down”, wato cin nasara ba tare da wata wahala ba. Wanda bai san asalin ba yana iya zaton sauke hannu alamar sallamawa ce, alhali akasin haka ake nufi. A wurin dawaki ne kuma “hand” ta zama ma'auni. Kamar yadda Bahaushe ke auna yadi da kamu ko taƙi, haka Turawa suke auna tsayin doki da faɗin tafin hannu, kuma wata doka ta zamanin Sarki Henry na Takwas, a 1540, ta tsayar da shi a kan inci 4, wato santimita 10.16. Har yau da shi ake auna doki a Birtaniya da Amurka, daga ƙasa zuwa saman kafaɗarsa. Akwai ɗan tarko a yadda ake rubuta shi: dokin da aka rubuta tsayinsa 15.2 ba hannu goma sha biyar da kaso biyu cikin goma ba ne, hannu 15 ne da inci 2, wato inci 62 ke nan.

Kalmar “handicap” ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin akwai labarin da ya yaɗu cewa daga “cap in hand” ta fito, wai saboda naƙasassu kan miƙa hula suna bara. Wannan labari ba gaskiya ba ne. Asalinta wani wasan musayar kaya ne da aka sani a Ingila a ƙarni na 17, mai suna “hand in cap”, inda mutum biyu masu musaya da alƙalinsu kan zuba kuɗin jingina a cikin hula, alƙalin ya faɗi cikon da mai ƙaramin kaya zai yi, su kuma su sa hannu a hular su fito da shi ta yadda za a gane ko sun amince. Tunanin daidaita ɓangare biyu ne ya bi kalmar zuwa sukuwa a ƙarni na 18, inda akan ɗora wa dokin da ya fi gudu ƙarin nauyi don a zo daidai. Daga ƙarin nauyi ta koma nufin duk wani cikas, sannan a ƙarni na 20 aka riƙa faɗar ta ga masu naƙasa. A yau an fi ƙyamar amfani da ita ga mutane, an koma cewa “persons with disabilities”, kuma wannan lafazin ne ke cikin sunan dokar hana nuna musu wariya da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019.

Kotu, coci da kasuwa

Daga shari'a aka sami “caught red-handed”, wato an kama mutum dumu-dumu. Jan da ake nufi jini ne, kuma tushen maganar yana cikin dokokin Scotland na ƙarni na 15, inda ake bambanta wanda ake zargi da wanda aka kama da jinin a hannunsa. Marubucin nan ɗan Scotland, Walter Scott, shi ne ya yaɗa sigar “red-handed” a 1819. Lauyoyin Najeriya kuma suna yawan kawo ƙa'idar “clean hands”, wadda ke cewa mai neman kotu ta yi masa adalci dole shi ma ya zo ba da laifinsa a cikin wannan batu ba. Ƙa'ida ce ta tsohuwar kotun Chancery ta Ingila, ta kuma shigo Najeriya tare da sauran dokokin Ingila da aka gada daga mulkin mallaka.

Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci, musamman ta 1611 da ake dangantawa da Sarki James, ta cusa wasu maganganun a bakin jama'a har suka manta inda suka samo su. “Wash one's hands of” tana komawa ne ga Bilatus, gwamnan Rumawa, wanda Linjilar Matiyu ta ce ya wanke hannayensa gaban taro don ya nuna ba ruwansa da hukuncin da za a zartar. A fagen tattalin arziki kuwa akwai “invisible hand” ta Adam Smith, masanin nan ɗan Scotland, wadda ke nufin yadda neman ribar kowane ɗan kasuwa kan haifar da amfanin jama'a ba tare da ya yi niyya ba. Abin mamaki shi ne sau ɗaya tak ya ambace ta a cikin babban littafinsa na 1776, mabiyansa ne suka mayar da ita take. Mai sauraron muhawara a kan farashin mai ko canjin kuɗi yana buƙatar ya kula da wannan, domin a kunnen Bahaushe hannun da ba a gani maƙarƙashiya ce ta wasu 'yan ba-ni-na-iya, shi kuwa masanin tattalin arziki yana nufin babu kowa a bayan labule, kasuwa ce ke daidaita kanta.

Hannun da ya ɓuya cikin wasu kalmomi

Akwai wuraren da hannun yake nan amma ba a ganinsa. “Handsome”, da ake faɗa wa kyakkyawan namiji, da farko tana nufin abin da ke da sauƙin riƙewa ne, sai ta koma abin da ya dace, sannan ta kai ga kyan sura. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci da Latin suka kwararo cikin Turanci da nasu hannun, “manus”, wanda ke kwance a cikin “manual” da “manuscript” da “maintain” da “mandate”, wato abin da aka damƙa a hannun mutum, kamar yadda masu zaɓe ke damƙa amana. “Manufacture” tana nufin yi da hannu, amma yau ita ce sunan abin da inji ya ƙera. “Manage” kuma ta biyo ta Italiyanci ne, inda take nufin sarrafa doki da horar da shi. Ke nan manajan banki, da magidancin da ke cewa ana dai maneji idan albashi ya ƙi kai ƙarshen wata, duk suna amfani da kalmar masu horar da dawaki ne da ta yi doguwar tafiya kafin ta iso Hausa.

Inda Hausa da Turanci suka yi kama, nan tarkon yake

A wurare da yawa harsunan biyu sun yi dace ƙwarai. “Have a hand in” ita ce yana da hannu a ciki, “right-hand man” shi ne na hannun dama, “from hand to mouth” ita ce hannu baka hannu ƙwarya, “empty-handed” kuma ita ce hannu rabbana. Wannan dacewar ba abin mamaki ba ce, tun da aikin hannu ɗaya ne a ko'ina. Sai dai ita ce ke sa mai koyo ya saki jiki, ya ɗauka duk inda ya ga “hand” zai iya ajiye hannu ya wuce.

Misali mafi muhimmanci shi ne “upper hand”. Musulmin da ya tashi da hadisin nan da ke cewa hannun sama ya fi hannun ƙasa ya san hannun sama da mai bayarwa ne, na ƙasa kuma mai karɓa. A Turanci babu kyauta ko kaɗan a cikin maganar: wanda ya sami “upper hand” shi ne ya yi rinjaye a faɗa ko a ciniki, ya danne abokin karawarsa. Haka abin yake ga “the left hand doesn't know what the right hand is doing”. Asalinta a Linjilar Matiyu umarni ne da a ɓoye sadaka, kuma akwai irin wannan lafazi a hadisin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa, inda aka ambaci wanda ya yi sadaka ya ɓoye ta har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba. Mai wannan sani idan ya ga jarida ta faɗi haka game da wata ma'aikata zai iya ɗauka yabo ne, alhali a Turancin yau suka ce mai zafi: ana nufin gidan ya rikice, wannan ofis bai san abin da na kusa da shi ke yi ba. Maganar ta juya gaba ɗaya daga inda ta taso.

Wanke hannu ma haka. A Hausa idan aka wanke mutum an tabbatar ba shi da laifi ne, don haka wanda ya ji an ce gwamna “washed his hands of the matter” yana iya zaton an wanke shi daga zargi, alhali tsame hannunsa ya yi ya bar mutane da matsalarsu, kuma galibi da ɗan zargi ake faɗar haka. Wanda “his hands are full” ba wadata ce ta same shi ba, aiki ne ya yi masa yawa. “Give him a hand” tana iya zama taimaka masa, tana kuma iya zama tafa masa, wurin da aka faɗe ta ne kaɗai ke rarrabewa. “Backhander” a Turancin Birtaniya cin hanci ne, “backhanded compliment” kuwa yabo ne mai ɗauke da habaici.

Akwai kuma bambanci tun daga jikin kansa. Hannun Bahaushe ya kama daga kafaɗa har yatsu, shi kuwa Bature ya raba shi biyu, “hand” daga wuyan hannu zuwa yatsu, “arm” daga nan zuwa kafaɗa, kuma kowanne da nasa maganganun. Riƙo da aiki da ƙwarewa na “hand” ne, miƙawa da nisa da reshe na “arm” ne, shi ya sa ɓangarorin gwamnati uku suke “arms of government”, doka kuma take da “long arm” mai cim ma mai laifi duk inda ya gudu. Ita kuwa “arms” mai nufin makamai kalma ce daban da ta shigo ta Faransanci, ko da yake rubutunsu ɗaya.

Ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin “hand” su ma suna sauya komai. Abin da ke “at hand” ya kusa, wanda ke “on hand” yana nan a tanade, wanda ke “in hand” ana kan kula da shi, wanda ya yi “get out of hand” ya fi ƙarfin masu shi. Amma shawarar da aka yi wa “reject out of hand” ba ta fi ƙarfin kowa ba, an yi watsi da ita ne nan take ba tare da an ko duba ta ba.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Malaman Turanci sun kasu biyu a kan yadda ya kamata a koyar da irin waɗannan maganganu. Wasu na ganin ba abin da ya fi hadda, domin ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, inda akan kawo jimla a ce ya zaɓi ma'anar da ta fi dacewa, ba tarihin karta za a tambaye shi ba, kuma lokacin aji kaɗan ne. Suna da wata hujja mai ƙarfi, wato asali ba kullum yake kai mutum ga ma'anar yau ba, kamar yadda maganar hagu da dama ta nuna, kuma Baturen da ke cewa “hands down” galibi bai taɓa tunanin doki ba. Wasu kuma na ganin cewa idan aka tara maganganun bisa wurin da suka fito, na jirgi daban, na karta daban, na kotu daban, ɗalibi ya fi riƙe su, har ya iya cankar wadda bai taɓa ji ba. A ganina ɓangare na biyu ya fi kusa da gaskiya, da sharaɗin a ɗauki asali a matsayin abin taimaka wa ƙwaƙwalwa, ba alƙalin ma'ana ba. Wanda aka gaya wa sau ɗaya cewa “hand” katunan ɗan wasa ne ya huta da haddar maganganu huɗu ko biyar.

Saɓani na biyu a kan Turancin Najeriya ne, inda maganganun kan sauya kama. Abin da Baturen Ingila ke cewa “more power to your elbow”, a nan ya zama “more grease to your elbow”, umarnin jirgin ruwa kuma ya sami ƙarin “must be” ya koma nasiha. Masu tsaurin ra'ayi na kiran wannan kuskure, wasu kuma na cewa harshen da miliyoyin mutane ke rayuwa da shi yana da ikon yin nasa salon, kuma ƙamus ɗin Oxford ya ƙarfafa musu gwiwa a watan Janairun 2020 da ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, ciki har da “okada” da “Kannywood”. Matsalar ɗalibi dai ita ce mai duba takardar jarrabawa har yanzu da ma'aunin Ingila ya fi yin aiki.

Abin da wannan ke jawo wa mai karatu da mai sauraro

Wanda bai taɓa shiga aji ya koyi Turanci ba ma abin ya shafe shi, domin yawancin labaran da yake ji a rediyo ko yake karantawa a waya da Turanci aka fara rubuta su, wani ne ya juya su cikin gaggawa. Idan mai juyawar ya ɗauki “heavy-handed” a zahirinta, labarin jami'an da suka wuce gona da iri wajen amfani da ƙarfi zai fito ba kai ba gindi, idan kuma ya ɗauki “free hand” da aka ba wani minista a matsayin kyauta, ya ɓatar da labarin cewa an sakar masa mara ne ya yi yadda ya ga dama. Manhajojin fassara na waya sun fi mutum saurin faɗawa wannan rami, musamman a maganganun da ba a cika amfani da su ba. A takardun hukuma ma kalmar na nan da tsohuwar ma'anarta: “given under my hand” a ƙasan takarda yana nufin da sa hannuna, ambulan da aka rubuta wa “by hand” kuma ɗan aike ne zai kai shi, ba gidan waya ba.

Ita kanta Hausa tana karɓar wani abu daga wannan cuɗanya. Da alama ta hanyar fassarar labarai ne ɗaukar doka a hannu da mayar da hannun agogo baya suka shigo, kuma sun zauna daram har ba mai jin baƙuncinsu, saboda hoton da ke cikinsu a fili yake ga duk wanda ya san agogo ya kuma san ma'anar riƙo. “A ɗaya hannun kuma”, wadda ake jerawa a madadin “on the other hand”, ba ta kai su dacewa ba, tun da Hausa na da a ɗaya ɓangaren da kuma amma fa, waɗanda ke yin aikin ba tare da mai sauraro ya tsaya neman hannun farko ba. Masu sharhin ƙwallon ƙafa sun fi kowa iya wannan aiki: ƙungiyar da Turanci ya ce tana da “a game in hand”, wato akwai wasan da ba ta buga ba tukuna wanda sauran sun buga nasu, ba su ce tana da wasa a hannu ba, sun ce tana da kwantan wasa, suka aro kalmar daga bakin 'yan kasuwa masu kayan da ya kwana ba a sayar ba.